Murfin fuskar tsohuwar rediyo: roba, gilashi, ko a sayo daga waje?

Duk wanda ya taɓa farfaɗo da rediyon da ta shekara sittin ko saba'in ya san inda aikin yake cijewa. Ka canza kafasitocin da suka mutu, wato ƙananan kayan da ke riƙe wuta a cikinta, ka ɗaura sabon zaren da ke jan allura, ka goge katako ya yi sheƙi, murya ta fito tangaram. Sai ka ja da baya ka dube ta, ka ga fuskarta har yanzu ta mara lafiya ce. Murfin nan mai haske da ke rufe allon tashoshi ya yi ruwan ɗorawa kamar tsohon ƙaho, ya tsage ta gefe, ko ya motse ya fita daga mazauninsa. Ta cikinsa ba ka iya bambance mita 31 da mita 41. Kuma shi ne abin da ido yake fara sauka a kai.

Ba ƙazanta ba ce, don haka wanki ba ya maganinta. Rediyoyin Amurka na shekarun 1930 da 1940, irin su Philco, RCA, Crosley da Emerson, da yawansu an yi musu murfin ne da seluloyid ko da asitet. Seluloyid tsohuwar roba ce da aka fara yi tun wajen 1870, ana haɗa ta da kafur don ta yi laushi. Shekaru suna tafiya kafur ɗin yana ficewa, robar tana bushewa tana motsewa har ta fara dagargajewa da kanta. Asitet kuma idan ta fara mutuwa za ka ji tana warin tsami irin na binega. Da zarar an kai nan, babu man gogewar da zai dawo da ita. Sai sabo.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ciro murfin ka kwantar da shi a kan tebur ka dubi siffarsa. A ganina wannan kallo ɗaya ya fi duk wata muhawarar wace roba ce ta fi ƙarfi, domin siffar ce take zaɓa maka hanya. Shimfiɗaɗɗe ne kamar takarda? Ya lanƙwasa ne ta fuska ɗaya kamar gefen gwangwani? Ko kuwa ya tashi ne kamar kifaffen faifai, da leɓe zagaye da shi wanda ake maƙalewa a bayan firam?

Idan shimfiɗaɗɗe ne, ka huta. Yawancin rediyoyin da aka gada a gidajenmu, waɗanda iyaye da kakanni suka riƙa kama sashen Hausa na BBC da su tun daga 1957, da Rediyon Kaduna tun daga 1962, na Ingila ne da Holan da Jamus da Japan: Bush, Pye, Philips, Grundig, National. Ƙananan masu batir a cikinsu galibi 'yar taga ce miƙaƙƙiya a gaba. Wannan mai yin allon talla zai yanko maka ita daga guntun robar nan mai haske, Perspex, da ya rage masa, ka gyara gefen da samfefa, shi ke nan. Amma ka lura da manyan Philips da Grundig masu dogon gilashi mai ɗauke da sunayen birane. A wurinsu gilashin shi ne allon tashoshin kansa, rubutun a bayansa aka buga shi. Kada ka sa masa ruwa ta baya, ko da tsumma mai laima ne, domin rubutun zai bi tsumman ya tafi, kuma wannan asara ce da ba ta da gyara mai sauƙi.

Mai lanƙwasa ta fuska ɗaya ma ba shi da wuya. Siririyar roba tana bin lanƙwasar da kanta idan ka cusa ta a mazauninta.

Mai tashi kamar faifai shi ne ainihin aikin, kuma a kansa zan daɗe.

Hanya mafi sauƙi ita ce saye. A Amurka da Ingila akwai masu ƙaramar sana'ar buga irin waɗannan murafe, ka ba su sunan kamfani da lambar samfuri su aiko maka. Idan rediyonka sananniya ce kuma kana da wanda zai taho maka da shi, ban ga laifi ba, aikinsu yana da tsabta. Matsalar biyu ce. Kuɗin aikowa sau da yawa ya fi na murfin, kuma da kuɗin waje ake biya. Sannan su abin da ya yi yawa a ƙasashensu suke bugawa. Rediyon da aka ƙera don kasuwar Afirka ko Asiya, mai layukan gajeren zango da yawa, da wuya ka same ta a jerinsu.

Sai gilashi. Idan murfin zagayayye ne sosai, ka leƙa wurin mai gyaran agogon bango kafin ka je ko'ina. Tsofaffin agogunan bango suna da gilashi mai tudu, kuma idan faɗin ya zo daidai ka samu abin da ba ya rawaya, ba ya karcewa, zafi ba ya taɓa shi. Ba ma baƙon abu ba ne a kan rediyo, domin manyan Zenith masu baƙar fuska na ƙarshen shekarun 1930 da gilashi mai tudu suka fito daga masana'anta. Amma gilashi yana da kauri da nauyi, ba shi da leɓen da ƙusoshin asali za su kama, kuma ba ka iya rage shi da almakashi idan ya ɗara da milimita biyu. Rediyon da ta zo da gilashi a mayar mata da gilashi. Wadda ta zo da roba kuwa, sau da yawa gilashi ba ya zama sai an sassaƙe akwatin, ni kuma ban yarda a taɓa katakon asali saboda murfi ba.

To, mun zo kan roba. Guda uku ne suka cancanci a yi maganarsu: PETG, akirilik wadda aka fi sani da Perspex ko Plexiglas, da folikabonet wadda ake sayarwa da sunan Lexan ko Makrolon.

Bari in fara sallamar folikabonet, domin ita ce take yaudarar mutane. Ana jin cewa da ita ake yin garkuwar 'yan kwantar da tarzoma sai a ce ai ita ce gwana. Ƙarfinta gaskiya ne, amma wa zai doki fuskar rediyo da guduma? Ba ta fara laushi sai wajen digiri 147 a ma'aunin Salshiyos, ba ta miƙa wuya a sarrafa ta sai an haura 180, kuma tana saurin sandarewa da zarar ta fito daga wuta, kafin ka gyara hannu ta ƙi. Mafi muni, tana shan laimar iska. Idan ba ka fara busar da ita a wajen digiri 120 na tsawon awoyi ba, tana yin zafi sai ka ga ƙananan kumfa sun cika cikinta kamar ruwan soda. Ga kuma saurin karcewa. Ta dace da taga miƙaƙƙiya a rediyon da ake yawo da ita gona da kasuwa, iyakarta ke nan.

Gasar gaskiya tsakanin PETG ne da akirilik.

PETG ita ce abokiyar mai koyo. Tana fara laushi tun wajen digiri 80, ana sarrafa ta tsakanin 120 da 160, ba ta buƙatar busarwa, kuma tana miƙewa ta shiga kusurwa ba tare da ta yage ba. Ana samun ta siririya, rabin milimita zuwa milimita ɗaya, wanda shi ne kaurin murafen asali. Bayan ta huce kana yanke gefenta da almakashi kamar kwali, ka huda ta da ƙusa ko ka buga mata sitefula ba ta tsage ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a rediyoyi da yawa da sitefula ko ƙananan ribit aka kafe murfin tun farko. Idan ka ɓata ɗaya, ka yanko wani ka sake, asarar ba ta taka kara ta karya ba.

Akirilik ta fi ta kyau, wannan ba gardama. Tana wuce kashi 92 cikin 100 na haske, ta fi gilashin taga ma. Rana ba ta mayar da ita rawaya. Fatarta ta fi ta PETG tauri, kuma idan ta karce ana goge ta da man gogewa ta dawo garau, abin da PETG ba ta cika yarda da shi ba. Tun shekarun 1930 ake yin ta, Plexiglas a Jamus a 1933, Perspex a Ingila a 1934, saboda haka ba ta zama baƙuwa a kan rediyon shekarun 1950 ba. Amma tana da taurin kai. Tana son zafi tsakanin digiri 150 da 180. Mai sanyi ba ta san lanƙwasa ba, karyewa take yi. Almakashi yana tsaga ta, ƙusa tana tsaga ta, ko na'urar huda rami idan ka matsa da ƙarfi sai ka ji ƙas. Sannan wadda ta fi samuwa wurin masu allon talla mai kaurin milimita 2 ko 3 ce, kuma wannan ta yi wa murfi mai leɓe kauri: leɓen ba zai shiga mazauninsa ba, ko ya tura allura ta riƙa goga.

Masu wannan sana'a a ƙasashen sanyi da yawansu PETG suke zaɓa, kuma suna da hujja. Mu sai mun ƙara lissafi biyu da ba su dame su ba. Na farko zafi. Rediyo mai bawul, wato kwalaben gilashin nan masu ɗaukar zafi da ke cikin tsofaffin rediyoyi, tana ɗaukar ɗumi sosai, kuma a bayan allon tashoshi akwai ƙananan ƙwayayen fitila masu wutar bolt 6.3 da suke ci muddin tana kunne. Ka haɗa wannan da ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi. A cikin ɗaki PETG takan jure, in dai ƙwan fitilar bai matso kusa da ita ba. Amma rediyon da aka manta a mota rufe cikin rana, ko aka ajiye a bakin taga, murfinta zai iya saki ya lotsa. Na biyu ƙurar hunturu. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, kuma duk ranar da aka share ta da busasshen tsumma ana karce robar ne kaɗan-kaɗan. Bayan damina biyu sai ka ga PETG ta yi hazo, alhali akirilik tana nan, ko ta yi ma ana iya goge ta.

Saboda haka ga inda na tsaya. Murfi mai zurfi, mai kusurwoyi, mai siririn leɓe, PETG mai kaurin milimita 0.5 zuwa 0.75. Murfi mara zurfi, mai faɗi, a rediyon da za a riƙa amfani da ita kullum ana shafa ta, akirilik mai milimita 1 zuwa 1.5 idan ka same ta, ka kuma sayi ninki biyu na abin da kake buƙata, domin ta farko da wuya ta tsira.

Akwai robobin da ke kusa da hannu waɗanda za su ja hankalinka, gara in faɗa maka halinsu tun yanzu. Gorar ruwa ko ta lemo, mai lamba 1 a gindinta, an riga an ja ta an hura ta a masana'anta, don haka tana jin zafi sai ta ƙanƙance ta murɗe. Farar ledar nan mai kauri da ake sa wa takardu a gaba idan an ɗinke su a shagon kwamfuta, yawanci PVC ce: ta yi siriri, tana rawaya, kuma idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai asid da ke cin ƙirji, kada ka kai ta kusa da obin abinci. Gidan faifan CD yana da haske, amma fashewa yake yi kamar ƙwai. Wadda ta ɗan yi dama ita ce robar da ake rufe sababbin kaya da ita a kan kwali, irin ta kwalin kek ko na kayan wasan yara, in ka samu shimfiɗaɗɗen wuri mai faɗi. Tana aiki, sai dai idan zafi ya ɗan wuce kima takan yi fari kamar madara, kuma ba ta komawa. Ta yi kyau don koyon hannu.

Bayan roba sai yadda za a ba ta siffa, kuma nan ma zaɓi uku ne.

Mafi dacewa da mutum ɗaya mai rediyo ɗaya ita ce mace da namiji na katako. Ka ɗauki filawud mai kauri, ka zana ramin fuskar rediyon a kai, kafinta ya yanke maka shi a tsanake. Allon da ke da ramin shi ne macen. Guntun da ya fito daga ciki shi ne namijin: a rage shi zagaye da gwargwadon kaurin robar da ɗan ƙari, a goge bakinsa da samfefa har ya zama babu kaifi, a kafa shi a kan wani allo. Tsayinsa shi ne zurfin murfin. Ka ɗora robar a kan namijin bayan ka ɓare ledar kariyarta ta fuska biyu, ka sa a obin, ka tsaya kana kallo. Cikin minti biyu zuwa huɗu za ka ga ta ɗan yi rawa, sannan ta saki ta fara zubowa ta gefe. A daidai lokacin nan ka fito da ita da safar hannu, ka kifa macen a kai, ka danna da nauyinka, ka riƙe minti ɗaya ko biyu har ta huce. Abin da ya danne tsakanin allunan biyu shi ne leɓen.

Wani kuskure da na yi da farko, kuma na ga wasu suna yi: na auna tsohon murfin maimakon ramin rediyon. Tsohon ya riga ya motse, saboda haka sabon da na buga ya fito da kyau amma yana iyo a cikin firam, ƙura na shiga ta ko'ina. A firam ake ɗaukar awo. Tsohon murfi zurfi kawai zai nuna maka da inda ƙusoshi suke. Ka kuma tabbata zurfin ya bar wa allura wurin wucewa, ka juya ta daga farko zuwa ƙarshe kafin ka kafe komai.

Lahanin wannan hanya shi ne duk abin da roba mai zafi ta taɓa sai ta kwafe shi. Zanen jijiyar katako, ƙwayar ƙura, gashi guda, duk za su fito a tsakiyar murfin. Wasu suna lulluɓe namijin da yadi mai laushi mara zane. Ni na fi son a rarake tsakiyarsa ya zama zobe, ta yadda bakin kawai zai taɓa robar, tsakiyar ta miƙe a iska kamar fatar kalangu. Nan ne haske yake fitowa garau.

Hanya ta biyu ita ce zuƙa. Ana yin akwati mai rufi mai ƙananan ramuka, a haɗa shi da injin zuƙe ƙura, a ɗora siffar, wato namijin, a kai, a kifa roba mai zafi da aka ɗaure a firam, a kunna injin. Cikin daƙiƙa ɗaya robar ta manne ta ɗauki kowane lungu. Don murfi mai matakai ko mai siffa ta daban babu kamarta, kuma wanda zai buga goma ko ashirin ita ce tasa. Amma ta fi kowace kwafe lahani, domin robar gaba ɗaya tana manne da siffar, sai ka goge siffar kamar madubi. Ga aikin haɗa akwati da firam saboda murfi ɗaya tak.

Ta uku ita ce wadda na fi ƙauna idan ramin zagayayye ne. Babu namiji ko kaɗan. Ka ɗaure robar a kan allo mai rami, allon yana kan akwati rufaffe, ka zafafa ta, sannan ka zuƙe iskar akwatin a hankali. Robar za ta lotsa ciki ta yi tudu mai santsi kamar bayan ƙwarya, ba ta taɓa komai ba, don haka haskenta kamar na gilashin agogo. Wahalarta sanin lokacin tsayawa, shi ya sa ake kafa ɗan tsinke a gefe ya nuna zurfin da ake so. A rami mai kusurwa huɗu kuwa matashin kai take bayarwa, ba murfi mai shimfiɗaɗɗen sama ba.

Game da wuta, ƙaramin obin lantarki ya fi, domin zafinsa yana zagaye robar daidai. Obin gas yana aiki idan ka ɗaga allon nesa da harshen wuta. Na'urar hura iska mai zafi tana yi wa ƙaramin murfi, amma tana dafa wuri ɗaya ta bar wani, kuma wurin da ya fi zafi shi zai fi miƙewa ya yi siriri. Dirayar gashi ba ta kai ba. Kada kuma ka yarda da lambar da ke jikin maɓallin obin, idonka a kan robar ya fi shi gaskiya.

Za a tambaye ni injin nan na 3D mai buga abubuwa daga kwamfuta. Don murfin kansa ban ba da shawara ba: layi-layi yake ɗora roba, abin da zai fito haske yana wucewa amma ba a karanta rubutu ta cikinsa. Don buga namijin kuwa yana da amfani, musamman siffa mai wuyar sassaƙa, sai dai robar PLA da aka fi amfani da ita tana laushi tun wajen digiri 60, ba za ta shiga obin ba kuma ba za ta jure bugu da yawa ba.

Wurin kafawa, ka cire fulogi daga wuta tukuna. Wasu tsofaffin rediyoyi, musamman ƙananan na Amurka marasa taransifoma, ƙarfen cikinsu yana iya ɗaukar wutar gida kai tsaye. Ka mayar da murfin yadda aka kafa na asali, da ƙusoshinsa ko maƙalansa. Kada ka sa sufa gulu, tururinsa yana barin farin hazo a kan roba wanda ba ya fita. Wurin tsaftacewa kuma ruwa da ɗigon sabulu da tsumma mai laushi sun isa, bayan ka fara hure ƙurar. Sifirit yana sa akirilik ta yi ƙananan tsage-tsage, asiton da tina kuwa narkar da fatar robar suke yi.

Saura tsohon murfin. Idan asitet ne ko akirilik, bai tsage ba, hazo kawai ya yi, ka gwada goge shi da man goge roba ko ɗan man goge baki kafin ka yanke hukunci, domin na asali mai ɗan rawaya ya fi dacewa da fuskar rediyon shekarun 1940 fiye da sabo mai ƙyalli, kuma masu tara tsofaffin rediyoyi sun fi daraja shi. Idan kuwa ka shafa shi da yatsa ya ɗumama ka ji ƙanshin kafur, seluloyid ne. Kada ka kai shi obin da niyyar miƙar da shi, kada ka hura masa iska mai zafi, domin ci yake da wuta kamar an zuba fetur. Kada kuma ka bar shi a cikin akwatin rediyon, saboda idan yana ruɓewa yana fitar da tururi mai asid da ke sa ƙarfe tsatsa yana cin fentin allon tashoshi. Ka sa shi a ambulan ta takarda, ba leda ba, ka rubuta sunan rediyon da lambarta a bayanta, ka ajiye a wuri mai sanyi nesa da murhu.